Miyar Gwaggo a Bakin Kili

"...da sanyin nan kuma?"

"Sanyi lokacinsa ne, Delu. Ina gajiya?"

"Ni ba ni da ita. Je ka tambayi jakinka, shi ya ɗauko kaya biyu, kai da buhu."

"Doki ne."

"To, Allah ya sa."

Haka Dela ta karɓi Ishaku ranar Asabar da hantsi, a tsakar gidansu da ke unguwar Hausare cikin Garwa. Taubasai ne, uban Ishaku da uwar Dela ciki ɗaya suka fito. Shekara hamsin da 'yan kai ke nan suna wannan hali, ba wanda ya taɓa jin ɗayansu ya yabi ɗaya ko da bisa kuskure.

Ishaku dillalin shanu ne. Ba ya shan taba, ba ya kallon ƙwallo, jin daɗinsa a duniya guda ɗaya ne: wani farin doki mai suna Kili, wanda yake fita kilisa da shi duk safiyar da ba kasuwa. Shekara tara Dela tana kiran dabbar nan jaki, shekara tara Ishaku yana gyara mata.

Amma yau ba kilisa kaɗai ta fitar da shi ba. Gwaggo Fadimatu, uwar Dela wadda take kira Dada, kwananta huɗu da dawowa daga lopital, wato asibiti, ba ta sa komai a baki ba sai ruwan shayi. Doktor ya ce in Litinin ta yi ba ta fara cin abinci ba, a mayar da ita a ɗaura mata ruwa, ita kuwa ta ce gadon can ba za ta sake hawansa da ranta ba. Jiya da la'asar ta buɗe baki ta ce miyar gurjiya take so, sabuwa, ba busasshiyar kasuwa da ɓeraye suka yi shekara suna yawo a kai ba. Bishiyoyin gurjiya kuwa suna can gindin dutsen Tingilin, bayan wata ƙorama mai zurfin yashi da moto, wato babur, ba ya ratsawa. Sai aka tuna cewa a dangi akwai mai doki.

Ya ɗaure Kili a ƙofar gida, ya watsa masa dawa tafi biyu a jakar abincinsa, ya rataya masa a baki, sannan ya shigo da buhun a kafaɗa yana tafiya irin ta wanda ya ceto gari.

"Ya Gwaggo ta kwana?"

"Yadda ka bar ta. Kurɓi biyu, ta juya wa bango fuska."

Ishaku ya dubi labulen ɗakin tsohuwar. Sannan ya gyara hula.

"An gama. Ɗauko tabarma, baiwata. Babba."

"Baiwar wa? Kai da aka aika daji da buhu?"

"Ba aike na aka yi ba, roƙo na aka yi. Kin san ƙoramar nan? Kili ya ratsa ta kamar titin da aka zuba wa gudoro, kwalta sumul. Muna haurawa sai ga su, bishiya bakwai, babu ganye ko ɗaya, sai fure ja wur daga sama har ƙasa, kamar an rataya garwashi a rassa. Tsuntsaye sun cika su. Kili da kansa ya tsaya, ban ja linzami ba."

"Numfashi ya ƙare masa."

"Kallo ya tsaya yi. Duk hunturu nan muke tsayawa, ni da shi."

"Ƙato da jaki sun tsaya suna kallon abinci a kan bishiya. Shi ya sa mutane suke hawan moto."

"Moto zai tsaya ya kalli fure?"

"A'a. Yana da aikin yi."

Ta shimfiɗa tabarma. Ishaku ya kwance bakin buhu, ya kama gindinsa ya zazzage. Tsakar gida ta yi ja. Kunnuwan fure ne zalla, masu laushi, masu sheƙi, babu tsinke babu ƙasa, har suka malala suka rufe wa Dela ƙafa.

Dela ta tsaya cak tana kallo. Ishaku ya ɗauka abin da bai taɓa faruwa ba ne ya faru, wato ya burge ta. Ya zauna a kan turmi ya miƙe ƙafa.

"Ba sai kin yi godiya da baki ba. Na san yana miki wuya."

"Ina sauran?"

"Sauran me? Buhu guda ne fa. Gwaggo ce za ta sha ko unguwa?"

"Gindin. Ɗan ƙoƙon nan da furen yake zaune a ciki."

"Abin nan mai kauri, mara kyan gani? Na cire."

"Ka cire."

"Ɗaya bayan ɗaya, da wuƙata. Awa biyu ina tsugune cikin sanyi. Ni ba zan kawo wa Gwaggo shara ba."

Dela ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna a gabansa, ta haɗa hannuwa a gwiwa, kamar mai shirin yi wa mutum ta'aziyya.

"Isiyaku, shekara nawa kana shan miyar gurjiya?"

"Tun kafin ki yi haƙori."

"Ka taɓa ganin ta ja?"

Ishaku ya yi tunani. Gaskiya bai taɓa gani ba.

"Na ɗauka wuta ce take canza ta. Nama ma ja ne kafin ya shiga tukunya."

"Ƙoƙon shi ne miyar. Shi ake dakawa, shi ne mai yauƙi. Wannan jan da ka kwaso, shi ake zubarwa."

"Ba zai yiwu ba. Dubi kyansa fa."

"Na gani. In aka aike ka kasuwar shanu ta Adumri ka sayo bijimi, haka za ka dawo da ƙahonni biyu ka ce sun fi kyau?"

"Ƙaho ai yana da kasuwarsa."

"To kai wannan kasuwarsa. Ina ka zubar da ƙoƙunan? Sai in sa a je da moto iya inda zai tsaya, a ƙarasa da ƙafa, in awaki ba su riga mu ba."

Ishaku ya saci kallon zaure. Bai zubar da su ba. Dillali ba ya zubar da abu. Da ya tara su tsibi guda a gindin bishiya, ya ga Kili yana sunsunawa, sai ya kwashe su kaf ya zuba a jakar abincinsa, ya ce ko ba komai dokin ya sami na ƙwalama. Jakar ce kuma ya rataya masa a baki da hannunsa ɗazun nan. Da ya kasa kunne, daga bayan zaure ana jin wani abu yana tafiya a hankali, garas, garas, garas.

Ya miƙe tsaye a natse.

"Bari in duba ko na ɗaure ragama da kyau."

"Zauna. Jakin nan ko ka sake shi ba inda zai iya zuwa. Ina ka zubar?"

"Ban zubar ba. Na ba da ajiya."

"Wa ka ba?"

"Wani amintacce."

"A dajin?"

"Ya biyo ni gari."

Garas, garas. Dela ma ta ji. Ta juya kai wajen zaure, ta dawo da shi kan Ishaku.

"Isiyaku, me jakinka yake ci?"

"Dawa."

"Dawa kawai?"

"Daga sama dai dawa ce."

Rabon da a ga Dela tana gudu tun ranar da ƙudan zuma suka shiga gidan biki a Bogo. Ta tattare zani ta yi zaure, Ishaku yana biye, babbar riga tana harɗe masa ƙafa. Ta kai hannu za ta fizge jakar, Kili ya ɗaga kai sama can inda hannunta ba ya kaiwa, ya ci gaba da tauna yana kallon ta ta gefen ido.

"Ce masa ya sauko da kai."

"Bai san ki ba. Shekara tara ba ki taɓa gaishe shi ba."

Bakinsa ne yake wannan magana, amma hannunsa ya riga ya kama igiyar jakar ya zare. Ya juya baya ya leƙa ciki. Kili ya share dawar, ya taɓa na ƙasa kaɗan, amma fiye da rabi yana nan, ya isa tukunya uku. Ishaku ya yi hamdala a zuci, ya mayar da fuskarsa yadda take, ya rungume jakar.

"Akwai?" in ji Dela.

"Akwai. Sai dai ba nawa ba ne. Na riga na ba shi, kyauta kuma ba a karɓe ta."

"Ba ni jakar nan."

"Roƙi mai abu. Ga shi nan tsaye."

"In roƙi jaki?"

"In jaki ne, ba ruwana, je ki nemi mai jaki. Ni doki na ba."

Ta dube shi, ta dubi jakar, ta dubi rana da ta fara ɗagawa. Ta kai hannu ta murɗe masa kunne irin murɗar da take masa tun suna makarantar allo, jakar ta faɗo hannunta. Ta leƙa, ta saki numfashi, sannan ta rage murya.

"Saurara. Dada ta ƙi ta kasuwa saboda ɓera ya bi ta kai. In ta ji wannan daga bakin dabba aka ƙwato, ko ƙamshin ba za ta yarda ta shaƙa ba. Ranar Litinin sai lopital. Ka ji ni?"

"Na ji."

"Ka kawo su a buhu. Buhu sabo."

"Fil. Da ledarsa."

Wannan ne karo na farko a tarihi da suka yarda da magana ɗaya. Suka shigo tsakar gida kafaɗa da kafaɗa, jakar a ɓoye cikin mayafin Dela, sai suka tarar an ɗage labule. Gwaggo Fadimatu tana zaune a dokin ƙofa, ta lulluɓa da bargo, ta rame har wuya. Kwana huɗu ba ta leƙo waje ba. Idonta yana kan jan furen da ya rufe tabarma.

"Wa ya kawo wannan?"

"Ni ne, Gwaggo. Ina kwana? Ya jiki?"

"Jam, lafiya. Ubanka ma haka ya taɓa yi wa uwarmu, ya cika ƙwarya da jan ya bar ƙoƙon a daji. Abin a jini yake." Ta miƙa hannu ta ɗauki kunnen fure ɗaya tana murzawa. "Fito da jakar, Dela. Ciwo na yi, ban kurumce ba. Tagar ɗakina a kan titi take."

Dela ta fito da ita a hankali.

"Dada, za a wanke sau bakwai."

"Dokin ya ci?"

Ishaku ya rusuna. "Ya ɗan taɓa, Gwaggo."

"Ya tofar?"

"A'a. Da ƙyar aka ƙwace."

"To sabuwa ce. Doki ba ya cin ruɓaɓɓen abu, ya fi ku hankali ku biyun. A wanke sau ɗaya, kar a kashe yauƙin. A sa daddawa da yawa."

Kafin azahar ƙamshi ya cika gida. Ishaku bai tafi ba. Ya zauna a kan turmi yana gyaran likkafar da ba abin da ya same ta, yana satar kallon ƙofar ɗaki. Gwaggo ta yi loma ɗaya, ta tsaya. Ta yi ta biyu, ta ce gishiri bai ji ba. Ta ci gaba da faɗan gishirin har ta ga gindin kwano, sannan ta ce a ajiye mata saura da yamma, kuma kar kowa ya share furen nan, tana kallo.

Dela ta shiga madafi ta daɗe, ta fito ido ya ɗan yi ja, ta ce hayaƙi ne. Kwano biyu ne a hannunta. Ta ajiye wa Ishaku ɗaya a gabansa, ta wuce zaure da ɗayan. Ya bi ta da ido ta ƙofa. Dusa ce cike da kwano, an barbaɗa kanwa a kai. Ta ajiye a gaban Kili, ta waiwaya hagu da dama ko akwai maƙwabta, sannan ta ɗan rusuna.

"Sannu da aiki, doki."

"Ban ji ba," in ji Ishaku daga ciki.

"Ba da kai nake ba."

Ya yi murmushi, ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya buɗe kwanonsa. Tuwo ne malmala biyu, an lulluɓe su da jan fure, an jera shi kunne bayan kunne, babu ɗigon miya.

"Delu, mene ne wannan?"

"Taka miyar. Dubi kyanta fa."

Ya kalli kwanon ya daɗe. Sannan ya gutsuri tuwo, ya ɗora kunnen fure ɗaya a kai, ya kai baki, ya tauna a natse kamar mai ɗanɗana kaya kafin ciniki.

"Gishiri bai ji ba," ya ce.

Dariyar da Dela take riƙewa tun safe ta ƙwace mata, har ta dafa bango. Ta shiga madafi ta fito da kwanon miya na gaske, da ƙashi mai ɓargo a tsakiya, ta dangwarar a gabansa.

"Ci, bawa. Saura ne, doki ya rage maka."