Gandun Daji a Kofin Shayi

"...Da sauƙi, na ce maka da sauƙi! Sau nawa za ka tambaya? Ko gado ka zo jira?"

Maɗinkiya ce ke magana daga kan katifa. Sati bakwai ke nan da ta zame a matakalar bene ta karye a ƙafar dama, ƙafar da take taka keken ɗinki da ita. An cire ɗauri tun wancan mako, likita ya ce ta fara takawa, amma tsoro ya hana ta. Wuni take tana kallon silin, tana ƙirga zanen da yoyon ruwa ya bari, wani kamar raƙumi, wani kamar jirgi. Yau kuma ga taubashinta, ɗan gwaggonta mai gyaran agogo, ya shigo da kofin shayi marar hannu.

"Gadon me, 'yar gidan Kawu? Almakashi da ragowar atamfa? Ungo, dubiya na kawo."

Ta leƙa kofin. Yashi ne, da wani ganye ɗaya mai kauri kwance a kai, kore shar kamar an shafa masa mai.

"Innalillahi! Mutane na zuwa da lemo da madara, kai ka zo da ganye ɗaya? Ko akuya aka je dubawa a kai mata biyu."

"Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Wannan da kike gani gandun daji ne."

"Rowa dai. Gwaggo ta ce ranar da aka haife ka sai da aka ɓamɓare hannunka da cokali."

"Ke kuma ranar sunanki ragon ne ya gudu da ya ga fuskarki. Saurara. Daga jikin shukar da ke shagona na ɓalle shi, na bar shi kwana uku bakin ya bushe. Kar ki binne shi, haka yake so, a kwance. Kwana goma zai fito da saiwa siririya kamar zarenki na ɗinki, sai ɗan tsiro a gindinsa."

"Ruwa fa? Safe da yamma?"

"Ki kashe shi ke nan! Ruwansa na cikinsa. Sai kin tsoma yatsa kin ji yashin ya bushe ƙamas, sannan cokali biyu. Ba irinki ba ne da ke shanye tulu."

"Ashe ɗan'uwanka ne. Ba ci, ba sha, sai zama."

Ya ja kujera ya zauna, ya lumshe ido.

"Bari ki ji. Wannan zai ba da goma, goma su ba da ɗari. Kofunan gidan nan su ƙare, mu koma gwangwanin madara. Su cika taga, su bi bango, su sauka matakala. Da safe ki farka ɗakin ya yi kore, haske na ratsowa ta cikin ganye kamar kina ƙarƙashin ruwa. Tsuntsaye su riƙa neman izinin shiga."

"Zaki fa?" ta ce a hankali, don ita ma ta fara gani.

"Zaki ɗaya, tsoho, marar haƙori. Shi zai riƙe miki bakin yadi kina yanka."

Rabon da ta tuno kanta a gaban keke ba tare da gabanta ya faɗi ba, har ta manta.

Ya miƙe ya ajiye kofin can a bakin taga, a ƙurewar ɗaki.

"Kai, kawo shi nan kusa da ni."

"Haske yake so. Kuma kullum sai an juya kofin, in ba haka ba tsiron ya karkace."

"Wa zai juya?"

"Mai shi."

"Mugu ɗan gidan Gwaggo! Na gano ka. Kuma ma a cikin rana ka ɗora shi, zai ƙone kafin la'asar. Matsar da shi bayan labule."

"Kowa ya raina tsayuwar wata ya hau ya gyara."

Ta harare shi, ta harari tagar. Taku shida ne, ta sha ƙirga su da ido. Ta sauko da ƙafar, sanyin siminti ya ratsa ta. Ta dafa gado, ta dafa bango. Mai agogo ya ɗaure hannayensa a baya don kar su kai mata agaji, sai dai leɓensa na motsi. A taku na huɗu gwiwarta ta yi rawa.

"In kika faɗi zan ce girgizar ƙasa aka yi."

"Rufe min baki, tsinken sakace!"

Ta kai. Ta ja kofin zuwa inuwar labule, ta tsaya tana haki. A ƙasa titi na nan yadda ta bar shi, mai faci na duba taya, wata mata na shanya. Dariya ta ƙwace mata har da hawaye.

"To, ka ci wannan, bawan Allah. Juyo in gani. Wane maƙiyinka ne ya ɗinka maka aljihun nan a karkace? Cire rigar ka bar ta a kan keke. Ranar Asabar ka zo ka karɓa, kyauta, don kar a ce danginmu ne ke yawo haka."