Ranar Haihuwar da Kwamfuta Ta Ƙi

"Ka dai ci abinci kafin ka taso? Dubi wuya kamar na zakaran da aka fige. Aikin soja ka je, ko jinya?"

Sang-uk bai ko gama cire takalminsa a bakin ƙofa ba. Ya rusuna ya gaida kakarsa yadda ya kamata, sannan ya ɗago ya ƙare wa kanta kallo, ya tambaye ta yaushe ta fara noman kabeji a ka. Kaka Bok-rye ta shafa gashin nan nata da aka nannaɗe mata a kasuwa, ta ce ita dai tana da abin shafawa, wani kuwa an sallamo shi daga bariki da kai kamar dafaffen ƙwai.

Haka suke tun yana rarrafe. Ita tana kiransa ɗan kwikwiyonta, shi yana kiranta tsohuwar da ta ƙi tsufa. Sai dai ranar nan dariyarta ba ta kai ciki ba. Tana magana tana murza bakin rigarta.

Duk wanda ke noman sitiroberi a Nonsan ya san abin da ya same ta bara. Na'urar ɗumama rumfar ledarta ta mutu cikin tsananin sanyi ba wanda ya sani, gari ya waye shuka duk ta yi baƙi. Tun daga nan ɗanta, mahaifin Sang-uk, ya kafa mata waƙa ɗaya: ta sayar da gonar ta koma wurinsu a Daejeon, a bene, hawa na sama, inda ba abin da za ta shuka sai albasa a tukunya. Ita kuwa sai ta je ofishin manoma ta sa sunanta a wani kwas. Za a koya musu ɗaura 'yan na'urori a rumfa, masu auna zafi da laima, su aika labari can wata ma'ajiya a intanet, daga nan ya sauko cikin wayar mutum ko yana barci. Sharaɗin malamin guda ne. Kowa ya buɗe asusunsa na kyauta a ma'ajiyar kafin a tashi daga ofis yau, wanda bai buɗe ba a ba wani kujerarsa, don masu jira sun fi waɗanda aka ɗauka yawa.

Sang-uk ya ajiye kwamfutarsa a kan ɗan teburin cin abinci, suka zauna a ƙasa. Ya ce wannan aikin shan ruwa ne, ko yana barci zai yi shi. Ta ce ai shi ya sa ta kira shi, ta san barci ne kawai sana'ar da ya iya.

Da farko komai ya tafi daidai. Ya rubuta sunanta da lambar wayarta. Ta tambaye shi sau ba adadi ko da gaske kyauta ne, ya ce kyauta ne. Ta ce ita a rayuwarta ba ta taɓa ganin kyautar da ba ta da wutsiya ba, sai dai shi, da aka ba ta shi kyauta kuma har yau take ciyarwa. Sai aka zo wurin da kamfanin zai tabbatar cewa mai wayar ita ce mai sunan. Ana son ranar haihuwa.

Ta faɗa masa ranar da duk dangi suka sani, ranar da ake taruwa a dafa mata miyar ganyen teku. Ya rubuta, ya danna. Jan rubutu ya fito: bayanin bai dace ba.

Ya yi dariya ya ce laifinsa ne, ya manta tsofaffi da lissafin wata suke ƙirga haihuwarsu, hukuma kuwa da na rana take aiki. Ya ɗauko wayarsa ya juya lissafin, ya sake rubutawa. Jan rubutun ya dawo, wannan karon da ƙari a ƙasansa: saura dama ɗaya, in aka kuskure za a rufe sai gobe.

Gobe kuwa ba ta da amfani.

"Kaka, kawo katin shaidarki in gani."

"Ya ɓata."

"Jiya kika je asibitin ido. Da me suka karɓe ki, da kyawunki?"

"Da shi mana. Likitan ma ya yaba."

Ya ce to bari ya kira babansa, shi ke riƙe da takardunta, ya san abin da ke rubuce. Kafin ya kai hannu ta danne wayar da tafinta. Ta ce in ya kira shi, gobe motar kwasar kaya za ta gani a ƙofar gida. Abin da zai ce ta riga ta sani: macen da ta kasa buɗe asusu, ita ce za ta iya da na'urori? Sang-uk ya janye hannunsa.

Ya ce to ta gaya masa gaskiya, ko dai ba ita ce kakarsa ba? Ko ta gudo ne daga wani gari bayan ta kashe miji da gishirin kimcinta, tsimammen kabejin nan mai yaji? Ta ce da gishirinta na kisa da shi ya fara tafiya, tunda ba wanda ya kai shi lashe kwano. Ta tashi ta leƙa taga, ta dubi hanyar da ta bi ta gidan maƙwabciyarta Chun-ja, ta ja labule, ta dawo ta zauna kusa da shi.

Abin da ta gaya masa ba sabon abu ba ne a wurin tsofaffinmu, shi ne dai bai taɓa ji daga bakinta ba. Kafin a haife ta, iyayenta sun binne jarirai biyu. Da ta zo, mahaifinta ya ƙi zuwa ofis ya rubuta ta, ya ce sai ya ga ko mai zama ce. Sai da ta yi ƙafa tana bin kaji a tsakar gida sannan ya je, kuma ranar da ya je ita aka rubuta. A takarda an rage mata shekara biyu.

Sang-uk ya ce to mene ne abin ɓoyewa? Mata nawa ne za su yi murna a ce hukuma da kanta ta rage musu shekaru?

"Chun-ja," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Na girme ta da shekara ɗaya. Ita ubanta mai unguwa ne, ranar da ta faɗo aka rubuta ta. A takarda ita ce gaba da ni."

Nan fa ya gane. Tun suna amare Chun-ja ke ce mata Yaya. Ita ke zuba mata shayi da hannu biyu, ba ta ɗaukar cokali sai Bok-rye ta ɗauka, a ɗakin taron tsofaffi kuma ita ke bar mata wurin da ƙasa ta fi ɗumi. Ranar da Chun-ja ta ji abin da takarda ta ce, ranar za ta miƙe ƙafa ta ce a zubo mata.

Sai wani abu ya faɗo masa. Ya tambaye ta ko shi ya sa lokacin da aka ba Chun-ja katin shiga mota kyauta na tsofaffi, ita ta yi ta zuwa kasuwa a ƙafa tana cewa likita ne ya sa ta motsa jiki? Ta ce tafiyar ta yi mata amfani, dubi ƙafafunta. Ya kwanta a ƙasa yana dariya har da riƙe ciki. Ta ɗauki matashi ta maka masa.

Da ya tashi ya tambaye ta, tunda ta san ranar takarda daban ce, me ya sa ta bar shi ya ƙona dama biyu? Ta ce ta ɗauka na'urar tana da hankali, za ta gane gaskiya in ta ji ta. Ya ce to yanzu ta faɗi ranar, rana ta fara yin ƙasa. Ta ce ba za ta faɗa ba. Bakinsa kamar ƙofar kasuwa yake, kuma ta san da jikan Chun-ja yake yawon shan giya. Ya rantse da kakinsa na soja, ta ce kakin da aka karɓe. Ya ce ai ya riga ya ji shekara biyu ne, lissafi kawai zai yi. Ta ce wanda ya faɗi lissafi a makaranta har aka kira uwarsa, ba ta jin tsoron lissafinsa, kuma watan da ranar ba zai taɓa cinka ba.

Suka zauna suna kallon juna, kwamfuta na kallonsu.

"To ki rubuta da kanki," ya ce.

Ta dubi madannan kamar an ajiye mata garwashi. Ta ce ba ta taɓa taɓa irin wannan ba, yatsunta sun yi kauri, za ta danna biyu a wuri ɗaya a rufe ta. Ya ce a ajin ma ba shi zai je ya danna mata ba.

Ya nuna mata layin lambobi, da madannin gogewa in ta yi kuskure, da wanda ba za ta taɓa ba sai ta tabbata. Ta sa tabarau. Ta ce ya tashi ya fuskanci bango, hannu a baya, yadda ake yi musu horo a bariki. Ya tashi ya tsaya.

Yana jin ƙarar dannawa ɗaya, sai dogon shiru, sai wata. Can ta yi tsaki, ya ji ta goge. Ya ce mata ta yi a hankali, shuka ba ta gudu. Ta ce ya rufe mata baki ko ta rubuta tasa ranar. Daga baya komai ya tsaya, ba dannawa, ba magana, sai numfashinta.

"Kaka?"

"Ina dubawa."

"Sau nawa za ki duba?"

"Ubana ma sai da ya duba ni shekara biyu."

Ta danna.

Wayarta ta yi ƙara a kan tebur. Saƙo ne, da lambobin tabbatarwa. Ya juyo da sauri zai karɓa, ta kaɗe hannunsa. Ta riƙe wayar nesa da fuskarta, tana karanta lamba ɗaya da ƙarfi tana nemanta a madannai kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, har ta gama. Shafin ya juya, ga sunanta a sama ana yi mata maraba.

Ta cire tabarau ta goge fuska da gefen riga. Sang-uk ya ɗauki hoton shafin ya tura wa malamin, amsa ta dawo cewa kujerarta na nan. Sai a lokacin ya ce ƙafafunsa sun yi sanyi, ko a bariki ba a taɓa tsayar da shi a bango da fargaba irin wannan ba, don haka a biya shi ladan tsayuwa.

Ta ce ladan me, shi da bai yi komai ba sai toshe mata haske? Amma ta tashi ta shiga ɗakin ajiya, ta fito da ƙunshin busassun 'ya'yan itace da ta shanya da hannunta, ta dire masa a cinya.

"Na babanka ne, ka cinye abinka. Ka dai ce masa asusu ya buɗu. Kuma ka ce masa ni na buɗe."

"Da yatsa ɗaya."

"Wannan kar ka faɗa."

Ya riga ya cika baki, don haka kai kawai ya gyaɗa, ita kuwa ta fashe da dariya ta jawo kwamfutar gabanta.