Ranar da Motar Taufiq Ta Roƙi Wutar Inno

Inno Aminatu ta Argungu tana da jikoki goma sha tara, sun haifi 'ya'ya mata har bakwai, amma ko ɗaya ba a yi mata takwara ba. Ba ta taɓa cewa abin yana damunta ba, sai dai duk sunan da ta je takan dawo tana cewa tuwon bai nuna ba. To ga shi matar jikanta Taufiq, mai fataucin albasa a Gwadangaji kusa da Birnin Kabi, ta sauka, an samu mace, gobe suna. Shi ya zo ɗaukar tsohuwa da kansa. Da hantsi tana zaure tana tsince shinkafa, sai kawai ta ga mota a ƙofar gida, ba ƙara ba hayaƙi.

"Lahiya lau, ya mai jego?" in ji Inno, idonta na kan motar. "Amma kai Tauhiƙi, wagga wace irin mota ta, tana sanɗa awa ɓarawon kaji? Baƙo ba sallama mugu na."

"Kunnenki na ya tsuhwa, Inno. Ta lantarki ta, ba ta shan mai, wuta take ci."

"Wuta? Ina bakin?"

Ya buɗe wani ɗan murfi a gefe. Ta leƙa, ta sa hanci ta shinshina, ta ja da baya.

"Ko warin hetur babu. In ta ji yunwa ƙaƙa kake yi?"

"A gida nike ɗaura mata waya, awa salula, ta sha a hankali. Amma ba a cika ta kullum. In ta kai kashi tamanin sai in cire."

"Lalle! Rowarku ta gado ta kai har ga ƙarhe. Dabba na yi maka bauta, ka hana ta ƙoshi?"

"Cikawa kullum shi ke tsohe da batir. Ke ba ke ce kike cewa abin da ya kai ki shekara ɗari biyu rashin cika ciki ba?"

"Ɗari biyu gidanku! Tamanin da ukku. To in ta sha rana hwa?"

"Sai a kai ta inuwa ta huce kahin a ɗaura."

Inno ta tafa hannu. "Ashe bajimin kakanka ka saye! Shi ma in ya taso huɗa ba a ba shi ruwa sai guminai ya bushe. Kun je birni kun yi karatu, kun komo kan abin da munka sani tun kana majina. Saura mi?"

"Saura kar a bari ta gaza kashi ashirin. Sakarai kaɗai ke barin batir ya ƙare ƙaƙaf," in ji Taufiq, yana wani ɗaga kafaɗa.

Ita dai Inno in abu ya shiga ranta sai ta ga ƙwal uwar daka. Ta zura kai ta taga, ta ƙura wa allon gaban direba ido.

"Tauhiƙi, ban yi boko ba, amma na san ja. Hakanga wayata ka yi in za ta mutu. Nawa an nan?"

Ya sosa ƙeya. "Tara."

"Laihi tudu! Wa ye sakaran yanzu?"

"Hidimar haihuwa ta, Inno, kuma kwana biyu ba mu ga wuta ba. Ba za ta kai mu Birnin Kabi ba sai kin ba ni aron solarki, tun da sauran rana."

"Ahaf! Ruwa ba ya tsami banza. Na ga gaisuwa ta yi tsawo. Rana ta Allah ta, amma hwarantan da ke kan rufi nawa na. Kuma sai na kashe hirjin kihin da niy yi tanadi don suna. Mi anka sa ma jinjira?"

"Jannatu za a riƙa kiranta."

"Ba Aminatu ba?"

"Haba Inno, wa ka sa sunan da ya ga zuwan Turawa?"

Sun saba jifan juna da abin da ya fi wannan, amma yau dutsen ya sami ƙashi. Inno ta miƙe da ƙyar ta shiga ciki, ta zare wayar firji da hannunta, ta dawo.

"Tahi ka ɗaura. Ɗiyar ba ta yi min laihi ba, ina son in gan ta."

Taufiq ya durƙusa gabanta. "Inno, tun ranar da anka haihe ta niy yi mata huɗuba da Aminatu. Jannatu ta alkunya ta. Wa ka iya kiran sunanki gatsal cikin gida, babana na zaune?"

Tsohuwa ta dube shi, ta dubi motar, ta kai gefen mayafi ido.

"Kuka kike, tsohuwa?"

"Hayaƙin motarka na ya shigan min ido."

"Inno, ba ta hayaƙi."

"To yau ta yi, ɗan nema!" Ta fashe da dariya, ta ɗirka masa dundu. "Matsa da ita ƙarƙashin dogon yaro ta huce tukuna. Babban giwan ruwan da ke hirji naka na, ka ci rabi. In cikinka ya kai kashi tamanin ni zan cire ka."