Rasuwar Kwamfutar da Ba Ta Kai Ƙasan Kwari Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Ɗanlami Irmiya na unguwar Magajiya, nake sanar da rashin da ilimin lissafi bai taɓa yin irinsa a Jihar Neja ba: kwamfutata ta cika ranar Talata da azahar, a tsakiyar zafin Maris na 1996.

Marigayiyar ta zo gidanmu da shekarunta, bayan ta yi wa wani ofishi a Abuja bauta har ya gaji da ita. Ba ta da girman kai. Duk safiya takan ce “ƙit-ƙit-fiiit”, sannan ta yi shiru na minti huɗu, kamar dattijuwa mai tuna sunan baƙo.

Abu ɗaya na roƙe ta: ta nemo faɗin bututun da zai fi rage asarar ruwa a unguwarmu, wanda shi ne babin ƙarshe na kundin digirina na biyu. Dabarar irin ta makaho ce a kan tudu: ya taɓa da sanda, ya ji inda ƙasa ta gangara, ya taka, har ya isa ƙasan kwari. Da na ba ta babban taku, sai ta riƙa tsallake kwarin, gaɓa zuwa gaɓa, har lambobi suka kumbura suka cika allon da taurari. Da na rage takun, sai ta koma rarrafe. Kafin ta isa, sai a ɗauke wuta, mu koma saman tudu. Na sauya mata mafari sau goma sha ɗaya. Malamina Dokta Linus ya ba da shawarar haƙuri, ya kuma tuna mini cewa Litinin ake rufe karɓar kundi.

A jinyarta ta ƙarshe ta kwana tara tana neman gangara. Soket ɗaya ne mai rai a gidan hayarmu, don haka aka zare firizar da uwargidana Dokas take sanyaya zoɓon sayarwa. Rana ta tara fankarta ta tsaya. Ta ce “fiii”, ta yi ƙauri. Nnamdi mai gyara ya buɗe ta, ya shinshina, ya cire hularsa.

Ta bar faifai ashirin, da firinta mai tari, da ni.

Za a kai gawar bayan shagon Nnamdi ranar Asabar da ƙarfe goma, inda zai raba kayan cikinta ga mabukata. Masu ta'aziyya su zo da abin shansu. Jiya Dokas ta fitar da jarka shida na zoɓon da ya yi tsami, ta tuttular a bakin ƙofa. Ina tsaye ina kallo ya gangara, bai tsaya ko sau ɗaya ba, ya sami wuri mafi ƙasa a layinmu ya kwanta.