Rasuwar Kwamfutar Aulis, Wadda Gatari Ya Raba Biyu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun dama a kumbure, Aulis Rautiainen na garin Kuopio yana sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar kwamfutarsa ta cinya. Ta riga mu gidan gaskiya ranar Laraba da hantsi, a gidan hutunsu na bakin tafki, tana da shekara tara a duniya.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Sau uku kofi ya zube mata, ta shanye. Duk ƙorafinta bai wuce "fuuuu" ba, idan fankarta ta ji jiki.

Ciwon ajali ya faro ne daga wata manhajar zana taswira ta kyauta, irin wadda ake ɗauko ɗanyen rubutunta a haɗa da kai. Wata huɗu Aulis yana mata gyara, kuma don girman kai bai ajiye aikin ko'ina ba sai cikin marigayiyar, wai sai ya haɗu tsaf duniya za ta gani. Ranar Litinin ya umarci marigayiyar ta haɗa manhajar. Ta kai kashi casa'in da ɗaya, sai ta amayo jan rubutu layi ɗari huɗu. Ya goge ya sake, ya kuma sake. Shi kuwa layin ƙarshe kaɗai yake karantawa, kamar wanda ya tarar da faɗa a tsakiya ya mari na kusa da shi.

Ranar Talata ya fara naushinta, har maɓallai biyu suka faɗa cikin miyar kifi. Laraba, a gwaji na talatin, ya finciko ta ya fita ba takalmi, ya kwantar da ita kan kututturen da yake faskaren itacen sauna, ɗakin wankan tururi, ya ɗauki gatari. Saran farko ya tsaga fuskarta. Na biyu ya watsa kayan cikinta a ciyawa. Na uku zalunci ne kawai. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "ƙit". Maƙwabcinsa ya kau da kai, ya ci gaba da fentin kwalekwalensa.

Bayan la'asar abokiyar aikinsa Orvokki ta duba jan rubutun da ya tura mata tun Litinin, ta aiko da amsa: "Kai, sarkin yaƙi, ka karanta layin farko kuwa? Wata 'yar manhaja ce ba ka sa ba. Aikin minti ɗaya."

Ashe tun ranar farko baiwar Allah ta faɗi ciwonta. Aulis ya zauna kan kututturen ya yi kuka, kuma ya cancanci kukan.

Ta bar caja ɗaya, da linzamin kwamfuta gurgu, da jaka wadda yanzu ba mai kwana cikinta.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma, a wurin tara matattun kayan lantarki. Batir za a binne shi daban, kamar yadda doka ta ce. Akwai kofi da burodin kirfa bayan an tashi. Ba a buƙatar furanni. Amma duk wanda ya iya ciro aikin wata huɗu daga faifan ajiyarta da aka raba biyu, don Allah ya zo da wuri, kafin a rufe akwati.