Ranar da Na Ƙi Karɓar Filo

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Catford, unguwarmu a nan ƙasar Turawa ba, kuma Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawa.

'Yata Ummi (sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa ba na iya yi mata faɗa yadda ya kamata) yoga take koyarwa, wato motsa jikin nan da ake shimfiɗa 'yar tabarmar roba ana lanƙwashewa kamar taliya. Shekara shida tana tsalle da juyi a gaban mata, har gwiwarta ta fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Rannan sai ta ce ta shiga kwas na wani nau'in yoga daban, mai suna "yin".

Na ce, "Shi kuma me ake yi a cikinsa?"

"Zama, Baba. Ka naɗe jikinka a ƙasa, ka tsaya a haka minti uku zuwa biyar, ba motsi."

"Zama."

"E, Baba."

"Ummi, ni da na tsaya a aji huɗu, shekara ashirin da biyu na yi ina gadin wani ofis a Aldwych, kujera ɗaya daga safe har yamma. Ko takardar yabo ba a ba ni ba."

Ta yi haƙuri ta yi mini bayani. Wai kwas ɗin yana koya wa malami ya rage gudu, ya dubi ɗalibinsa da kyau, ya san ƙashin kowa da yadda Allah ya ƙera shi, ya san inda zai tallafa wa mutum da filo. Kuma in ta ci jarrabawar, council, wato ƙaramar hukumarmu, za ta ba ta ajin tsofaffi a cibiyar unguwa, gwiwarta ta huta. Na ce in dai ilimin ɗora filo ne, uwarta ta sauke shi tun kafin a haife ta.

Jarrabawar kuwa ita ce ta koyar da aji a gaban mai dubawa, kuma dole a samu tsoho a ciki. Ana gobe jarrabawar, tsohon da ta yi booking ya yi cancel, wato ya fasa zuwa. Ta zo ta durƙusa, "Baba, don Allah." Na amsa nan take, ba don tausayi ba, don in je in nuna musu zama.

Ta miƙo mini wandon motsa jiki, na ce ta ajiye wa sa'anta. Na sa kaftanina na shadda, na kafa hula.

Mata bakwai na tarar a ɗakin, sai mai dubawar, wata tsohuwar Baturiya mai gashi fari fat, wadda na tabbata ta girme ni, ta harɗe ƙafa a ƙasa da littafi a cinya. Ummi ta raba wa kowa dogon filo. Na ture nawa da ƙafa. A saninmu filo da rana na mai jego ne da majinyaci. Sannan ta yi sanarwa cewa kowa ya tsaya a rabin ƙarfinsa, wanda ya ji zafi kuma ya faɗa.

Zaman farko, a haɗa tafin ƙafa a sunkuya. Na yi dariya a ciki, haka muke cin tuwo. Na biyu, a naɗe ƙafa ɗaya a gaba, a miƙe ɗaya a baya, a kwanta a kan ta gaban. Na saci kallon matar da ke gefena, goshinta har ƙasa. Mace, goshi a ƙasa, ni kuma in tsaya a rabi? Na danna kaina har sai da hancina ya shaƙi robar.

Minti na farko ina raina su. Minti na biyu wani ya hura gawayi a ƙuguna.

Ummi ta zo ta tsuguna. "Baba, yaya ƙafar?"

"Lafiya lau."

(To me zan ce? A wurinmu mutum yana kan gadon asibiti, ledar ruwa a hannu, ka tambaye shi ya ce da sauƙi. Balle 'yar cikinka, a gaban mata bakwai, tana tambayar ƙugunka.)

Ta zagaya ta dawo. "Baba?"

"Alhamdu lillahi."

Ba ta tashi ba. Ta dubi zufar da ke ɗiga daga hulata, ta dubi yadda na datse haƙora. Ta turo filo ƙarƙashin cinyata, na sa gwiwar hannu na ture. Sai ta rage murya.

"Baba, matar can rubutu take yi. In ka ji ciwo a ajina, na faɗi."

Sai a lokacin na tuna ba tawa jarrabawar ba ce. Amma an makara. Ummi ta katse zaman tun lokaci bai cika ba, ta ce kowa ya warware. Kowa ya warware, ban da ni. Ƙafar ta mutu, kamar ta maƙwabci aka ba ni ajiya. Na yunƙura da ƙarfin hali, na kife ta gefe, hulata ta gangara har gaban Baturiya, na ji wata siririyar murya ta ce, "Wayyo ƙuguna!" Na duba, babu wani Bahaushe namiji a ɗakin sai ni.

Ummi ko gezau. Ta ce wa ajin kowa ya kwanta rigingine ya rufe ido (biyar sun rufe, na ƙirga). Ta jera filo uku a ƙarƙashina, ni mai ƙin ɗaya, ta riƙa warware ƙafar kaɗan-kaɗan tana cewa in ja numfashi. Da jini ya dawo, ita da tsohuwar suka kama ni ta hammata suka miƙar. Tsohuwar ta ɗora mini hula a karkace, ta dafa kafaɗata, ta ce, "Well done, young man."

A cikin bas Ummi ta zuba wa taga ido.

"Kin faɗi?"

"Sai Litinin za a sani, Baba."

Kwana biyu ina tafiya da bango a gida, Hajiya uwarta tana ajiye mini abinci kamar tana ajiye wa ɗan haya. Ran Litinin saƙo ya zo. Ta ci. Mai dubawar ta yaba da yadda ta gane ciwo a fuskar wanda yake musun sa, sai dai ta ce ya kamata ta tsayar da ni tun a amsar farko. Ummi ta ce ta ji. Yanzu a ajinta na tsofaffi, in Bahaushe ya ce mata lafiya lau, filo biyu take kawo masa.

Har gobe ban yarda naɗewa a ƙasa ilimi ba ne, ku rubuta wannan. Amma na ɗauki darasi. In an tambaye ni lafiya a ƙofar masallaci, lafiya lau. In an tambaye ni ina naɗe a kan roba, zan faɗi gaskiya, a hankali dai, yadda matan ba za su ji ba.