Kwalbar Asalin Rai a Ƙofar Makaranta

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tashi nuna wa yara yadda rai ya fara a duniya, saura ƙiris nawa ya ƙare.

Lokacin ina koyarwar gwaji a wata sakandare a Dala, a shekarun nan da ko gishiri za ka shiga kasuwa saye sai an lalube ka saboda tsoron bam. Malama Yagana, wadda za ta duba koyarwata, sau ɗaya tak take zuwa, in ta kayar da kai kuwa sai ka maimaita shekara. Darasin ranar da za ta zo shi ne asalin rai. Masana sun ce ƙananan halittun farko a ruwa suka soma, kuma walƙiya ta taimaka wajen haɗa sinadaransu. Ni da nake ji da kaina, na ce sai yara sun gani da idonsu. Na sa wani direba ya ɗebo mini ruwan gonar shinkafa daga Zabarmari, na ɗura a kwalba, na toshe, na zura wayoyi biyu, na haɗa da batirin babur ɗin yayana da aka hana hawa, na naɗe da baƙin salatif. (Wallahi har na bar gida ban ga aibun abin ba. Kyau ma ya yi mini.)

A ƙofar makaranta Ba Modu mai gadi yana duba jakunkuna. Ya zuge tawa, ya leƙa, ya ajiye ta a hankali kamar ƙwai, sannan dattijon da kullum yake kukan gwiwa ya zura da gudu yana salati. Kafin in buɗe baki ɗalibai sun haye katanga, sojan shingen da ke kusa ya iso.

"Cire riga! Kwanta!"

Na kwanta rubda ciki cikin rairayi, daga ni sai singileti mai huji uku.

"Mene ne wannan?"

"Asalin rai ne, yallaɓai."

"Asalin me?"

A kwancen na karanto masa darasin kaf: ruwa, walƙiya, ƙananan halittu, shekaru bila adadin. Ba Modu ya leƙo daga bayan darbejiya ya ce, "Malam, ran da Allah ya ba ka bai ishe ka ba, sai ka haɗa wani a kwalba?"

Soja ya ce in dai ruwa ne, in cire wayoyin in sha. Ruwan ya kwana huɗu a toshe, ya yi kore, wasu abubuwa na iyo a ciki. Na shanye tas. (Cewa akwai halittu a ruwan nan, cikina ya shaida har kwana uku.)

Ina ɗagowa na ga Malama Yagana zaune cikin keke mai ƙafa uku, takarda a cinya. Ashe tun daga cire riga take wurin. Kunya ta rufe ni, na ji da ma sojan ya tafi da ni.

"Ba sai mun shiga aji ba," in ji ta. "Na ji darasin, ɗalibanka ma sun ji daga kan katanga."

Ta ba ni maki daidai na tsallakewa, ta rubuta a ƙasa: ya san darasinsa, bai san garinsu ba.

Tun ranar na gane, kafin mutum ya yi bayanin abin da ya faru a farkon duniya, ya fara sanin abin da ake ciki a unguwarsu yau da safe.